MASU GYARAN WAYA DA REDIYO: A GYARA TEBUR TUN BAYA BAI RANƘWAFE BA

Duk wanda ya ratsa kasuwar wayoyi ta Farm Centre a birnin Kano, ko Titin Beirut, ko kuwa rumfunan masu gyaran rediyo da talabijin na Sabon Gari, in ya tsaya ya lura da kyau, zai ga samari majiya ƙarfi zaune bisa benci ko kujerar roba, kowa ya duƙufa, ƙeya a sama, hanci ya kusa taɓa tebur, ƙarfen narka dalma a hannun dama, matsefata a hannun hagu. Haka za su wuni tun hantsi har bayan magariba, ba mai tashi sai don salla ko cin abinci. In ɗayansu ya miƙe, sai ka ga ya dafe ƙugu da hannu biyu, ya yi miƙa, ya ce, “Wash, bayana!” Alhali kuwa yaron bai cika shekara talatin da haihuwa ba. Abin da ake gani a Kano shi ake gani a Kaduna da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, da duk inda aka kafa rumfar gyara.

Wannan al'amari shi ya sa na ɗauki alƙalami yau. Ra'ayina kuwa shi ne, yawancin ciwon baya da na wuya da ke damun masu wannan sana'a, tebur da kujera ne suka haife shi, kuma kafinta zai iya rage shi ƙwarai tun ba a kai ga likita ba. Abin da ya rage shi ne masu sana'ar su yarda da haka, iyayen gidansu su koyar da shi, hukuma kuma ta sa baki.

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ya fara gyaran rediyo tun muna yara. Hannunsa na da albarka, ba a kai masa rediyo ta dawo ba ta magana. Teburinsa wani tsohon akwatin katako ne da ya kife, kujerarsa kuwa 'yar guntuwa irin ta mata masu tuya. A kan wannan ya yi shekara fiye da talatin. Yau idonsa na gani da tabarau, hannunsa ba ya rawa, basirarsa tana nan daram, amma ba ya iya zaman rabin sa'a ba tare da ya kishingiɗa ba. Ya rufe rumfa, 'ya'yansa ke ɗawainiya da shi. Da na je gaishe shi, sai ya ce mini, “Malam, na gyara kayan kowa a unguwar nan, amma ban taɓa tunanin gyara wurin zamana ba.” Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin yaran da ke rumfuna yau sun kama hanyarsa, kuma aikinsu ya fi nasa wuya.

Dalili kuwa shi ne, kayan cikin rediyon da, manya ne, ana iya riƙe su da yatsa a gan su daga nesa. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, sana'ar ta canja kama. A cikin wayar zamani akwai 'yan ƙwayoyin da tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba, watau ƙwayar gero ta fi su girma nesa ba kusa ba. Irin waɗannan ake so mai gyara ya ɗaga, ya sake zaunar da su, ya liƙe da dalma ba tare da ya taɓa na kusa da su ba. To, wanda ba shi da haske isasshe, ba shi da gilashin ƙara girma, teburinsa kuma ya yi ƙasa, ba abin da zai yi sai ya kai idonsa wurin aikin. In ido ya tafi, kai zai bi shi, wuya ya bi kai, gadon baya ya bi wuya. Nan ciwo ke samo asali.

Masana sun daɗe da auna wannan abu. Kan babban mutum yana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka. In yana zaune daidai bisa kafaɗu, ƙashin wuya na ɗauke da shi ba wahala. Amma wani likitan ƙashin baya na Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a shekarar 2014, ya nuna cewa in aka sunkuyar da kai digiri 30, nauyin da ke kan wuya yakan kai kamar kilo 18, in kuwa aka kai digiri 60, sai ya kai kamar kilo 27. Jama'a, kilo 27 ya fi jarkar ruwa mai lita ashirin da biyar nauyi. Wa zai yarda a rataya masa jarka cike da ruwa a wuya tun safe har dare? Amma ga shi muna yi wa kanmu haka da hannunmu.

Haka nan kuma ƙasan baya. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa a gadon baya akwai wani faifai mai taushi wanda ke aikin matashi. Tun a shekarun 1960 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke kan wannan faifai a jikin mutane masu rai, ya tarar cewa wanda ya zauna ya ranƙwafa gaba ya fi matsa masa bisa ga wanda ke tsaye a miƙe. Kafin su duka, a shekarar 1700, wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya kwatanta yadda madinka da masu ɗinkin takalma ke yin doro saboda yawan zama a duƙe, ya kuma gargaɗi likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. Ashe dai maganar ta fi shekara ɗari uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya duka.

Abin baƙin ciki shi ne yadda muke fassara ciwon. In baya ya riƙe, sai a ce basir ne, ko sanyi ne ya kama mutum, ko shawara. Sai a aika yaro ya sayo jiƙo, ko a tare mai tallan magani a karɓi ƙwaya biyu a kora da ruwan leda, a koma kan bencin nan da ya jawo ciwon. Gobe ma haka. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen suna da amfani in an sha su ɗan lokaci bisa shawarar likita, amma wanda ya mai da su abincin kullum yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Mafi muni kuma, ta wannan ƙofa wasu samari suka faɗa shan tramadol, suka shiga don neman sauƙin baya, suka kasa fita. Kowa ya san irin ɓarnar da wannan ƙwaya ta yi wa matasanmu. Rigakafi dai ya fi magani, rigakafin nan kuwa katako ne da ƙusa.

To, yaya ya kamata wurin aiki ya kasance? Ƙa'idar guda ce, kowa zai iya riƙe ta: a ɗaga aiki ya zo wurin ido, kada ido ya sauka wurin aiki. Duk sauran bayani rassa ne na wannan.

Da kujera ake farawa, domin ita ce ma'aunin tebur. Kujerar kirki ita ce wadda in mutum ya zauna, tafin ƙafafunsa biyu za su kwanta a ƙasa sosai, cinyoyinsa su miƙe, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Ga yawancin mutane tsayinta yakan faɗa tsakanin inci 16 da inci 20. Lalle ne ta kasance da majingina, a kuma zauna har can ƙurya yadda ƙugu zai taɓa ta. In majinginar ba ta cika kwarin baya ba, a naɗe tawul ko tsohon zane a sa a daidai wurin ɗamara. Benci ba shi da majingina, kujerar roba kuwa takan lotsa ta jefa ƙugu baya, saboda haka duka biyu ba na aikin wuni ba ne. Wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ya sa bulo ko guntun katako ya taka.

Na biyu shi ne tebur, a nan kuma aka fi yin kuskure. Teburin rubutu na ofis tsayinsa kamar inci 30 ne, an yi shi ne don mai alƙalami. Aikin dalma aiki ne na ƙura ido, don haka masana suka ce teburinsa ya ɗara gwiwar hannun mai zama da kamar inci biyu zuwa huɗu. Ku dubi masu gyaran agogo na ƙasashen Turai: teburinsu yakan kai kusan ƙirji in suna zaune, su ɗora damatsa a kai, agogo na gaban ido, baya a miƙe. Ba sai an sayi sabon tebur ba. Mutum ya zauna a kujerarsa yadda ya kamata, ya saki kafaɗa, ya lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, a ƙara inci uku, a kai wa kafinta. In tsohon tebur ne, a sa masa katako ƙarƙashin ƙafafu. Amma fa a kula kada ya yi tsawon da zai sa a ɗage kafaɗu, domin wannan ma wani ciwon ne.

Har wa yau, a bar ƙarƙashin tebur fili. Sau da yawa za ka tarar an cusa kwalaye da batir da tsofaffin kaya a wurin, har gwiwa ba ta da mashiga. Wanda gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin tebur ba, dole ya zauna nesa, wanda ya zauna nesa kuwa dole ya ranƙwafa. A matso da kujera har ciki ya kusa taɓa bakin tebur. A goge kaifin bakin teburin, ko a shimfiɗa masa wani abu mai taushi, domin damatsa su sami wurin hutawa. Hannun da ya sami madogara ba ya rawa, aikin ma ya fi fita da kyau.

Na uku, allon da ake gyara kada a bar shi kwance bisa tebur. Akwai 'yar maƙala da ake sayarwa wadda ke riƙe allon waya, wasu ma ana iya karkata su su fuskanci mai aiki. Wanda bai samu ba, ya ɗora aikin bisa guntun katako mai kauri. Ɗaga aiki da inci biyu kawai yakan rage sunkuyon wuya yadda mutum zai ji bambanci tun ranar farko. Bugu da ƙari, in maƙala ta riƙe allo, hannu ya sami 'yanci, ba sauran dalilin riƙe zaren dalma da haƙori kamar yadda wasu ke yi.

Na huɗu, haske. Mutum yakan sunkuya ne domin bai gani ba. Aikin ƙananan kayan lantarki yana bukatar hasken da ya ninka na ofis sau biyu ko uku, amma rumfunanmu da yawa ƙwai ɗaya ne a rataye can sama, inuwar kan mai gyara ma tana faɗa wa aikin. A nemi fitilar tebur mai wuya da ake lanƙwasawa, a ajiye ta a gefen hannun da ba shi ke riƙe da ƙarfe ba, don kada hannu ya yi inuwa. Fitilun zamani masu caji ba su cin wuta, ƙaramin batir ko ɗan faifan sola ya ishe su, saboda haka ɗaukewar wuta ba hujja ba ce. Sa'an nan gilashin ƙara girma, ko na ɗaurawa a goshi ko mai haɗe da fitila. Wanda Allah ya hore wa madubin nan mai ido biyu irin na ɗakin gwaji, ya daidaita shi yadda in ya zauna a miƙe bakin madubin zai zo daidai idonsa. In ya ga sai ya duƙa, ya sa katako ƙarƙashin madubin. Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya sani ganin kusa yakan fara raguwa daga nan, wannan halitta ce, ya je a auna idonsa a ba shi tabarau, ba abin kunya ba ne.

Na biyar, shirin kaya. Abin da ake ɗauka kowane lokaci, watau ƙarfen narka dalma da mazauninsa, da na'urar hura iska mai zafi, da matsefata da sukudireba da mita, su zauna inda hannu zai kai ba tare da baya ya rabu da majingina ba. Mazaunin ƙarfe ya kasance a gefen hannun da ke aiki da shi, kada waya ta gitta gaban mutum. Abin da ba a bukata sai jifa-jifa a sa shi nesa, don ɗauko shi ya zama dalilin tashi. Kuma in mai kaya ya zo, a juya da jiki duka a fuskance shi, a daina murɗa ƙugu ana zaune, musamman in talabijin ne ko inbata mai nauyi za a karɓa. Kaya mai nauyi a tsuguna a rungume shi, a tashi da ƙarfin ƙafafu.

Akwai wata riba kuma da ke tattare da miƙe zama. Wanda ya duƙa bisa aiki, hancinsa na cikin hayaƙi. Farin hayaƙin nan da ke tashi daga bakin ƙarfe yawancinsa na ƙaron da ke cikin zaren dalma ne, kuma an tabbatar yana jawo asma ga masu shaƙarsa kullum. Ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, in an kafa ta bayan aikin tana zuƙe hayaƙin tana fitar da shi waje, ta wadatar. Ita kuwa dalma kanta, wadda aka gauraya da kuza, takan narke a wajen digiri 183, hanyar shigarta jiki kuwa ita ce daga hannu zuwa baki. Mutanen Arewa ba su bukatar a gaya musu sharrin gubar dalma, domin a shekarar 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can ta wajen haƙar zinariya ta zo. Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko goro, kada kuma a ci bisa teburin aiki.

Daɗin daɗawa, ko teburin ya kai ina a kyau, jiki ba a yi shi don zama wuri ɗaya ba. Bayan kowane rabin sa'a a miƙe tsaye ko da na minti biyu ne, a taka zuwa bakin rumfa, a ja kafaɗu baya, a dubi nesa don ido ya huta. Lokacin da ake jiran allo ya huce ko waya ta kama caji, lokacin tashi ne. A ƙarshen shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa, ta ƙarfafa motsa jiki da wayar da kan majiyyaci, ta kuma ce kada a dogara ga ɗamarar baya ko magunguna masu sa maye.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce rumfa ƙarama ce, haya ta yi tsada, wanda ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin kujerar ofis? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba abin da na lissafa: bulo, tawul, guntun katako, fitila mai caji, aikin kafinta na yini ɗaya. A haɗa kuɗinsu duka, a gwada da kuɗin ƙwayoyin da ake saye wata da watanni, da kwanakin da ake rufe rumfa ana kwance, da kuɗin hoton baya a asibiti. Mai gyara yakan tara kuɗi ya sayi na'ura mai tsada domin ta kawo masa ciniki. To, wace na'ura ce a rumfar ta fi gadon bayansa tsada? Ita in ta lalace akwai wata a kasuwa.

Saboda haka ina kira ga iyayen gida masu koyar da yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba guntun benci a lungu ya koyi aiki a duƙe, a duƙe zai yi shi har tsufa. Ranar da za a koya masa riƙon ƙarfe, a ranar za a koya masa zama. Amana ce iyayensa suka ba ku, ku mayar musu da shi da sana'a da kuma lafiya.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu gyara na kasuwanni, su shirya da kafintoci a fitar da samfurin tebur da kujera mai sauƙin kuɗi, a ajiye a ofishin ƙungiya kowa ya gani ya kwaikwaya. Su gayyaci likitocin gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala, su zo kasuwa su yi wa mambobi bayani da Hausa ko da sau ɗaya a shekara.

Ga hukuma kuma, muna da Dokar Masana'antu ta 1987 wadda ta yi maganar haske da iska a wuraren aiki, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, amma amfaninsu bai cika isa ga mai rumfa ɗaya da yara biyu ba. Hanyar isa gare shi ita ce horo. Asusun Horar da Ma'aikata, wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Ilmin Fasaha da ke Kaduna, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi, duk suna da hannu cikin koyar da sana'o'i. Ya kamata su tabbatar darasin shirya wurin aiki yana cikin kowane kwas na gyaran waya da lantarki. Gwamnatocin jihohi kuma, in za su raba wa matasa kayan sana'a, su haɗa da tebur da kujera da fitila. In za a gina sababbin rumfuna, a bar taga, a bar wurin miƙe ƙafa.

Gargaɗi na ƙarshe: ba kowane ciwon baya ne na zama ba. Wanda ciwonsa ke sauka cikin ƙafa tare da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi, ko ya kasa riƙe fitsari, ko yana zazzaɓi da rama da gumin dare, kada ya tsaya gyaran tebur, ya garzaya asibiti, domin tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya.

Sana'ar gyara ta rufa wa dubban gidaje asiri a ƙasar nan, ta raba samari da zaman kashe wando. Haƙƙinmu ne mu ga cewa wanda ya shige ta yana ɗan shekara ashirin ya kai sittin yana cin moriyarta a miƙe. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Kowane mai rumfa ya ɗauki awo gobe da safe kafin ya kunna ƙarfe, ya auna teburinsa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.